Fitila Biyu a Teburina

Masu karatu, na ga saƙonninku. Na ga masu cewa na cika zargi, na ga wadda ta rubuto min wai in ban yi hankali ba zan tsufa a ɗakin Ummata ina gadin kwanuka. Na gode 'yar'uwa, Allah ya bar zumunci. Ku dai bari in ba ku labarin satin nan, in na gama sai ku zage ni da hujja.

Wanda yau ya fara leƙo mu, ga yadda abin yake. Ni ce mai ɗaukar waya a wani kamfani da ke sayar da injinan jan ruwa da kayan gyaransu. In ka turo ƙofar gilashi, da teburina za ka fara cin karo: baƙar waya mai madannai rututu, littafin rubuta saƙo, da kofin shayin da tun da na fara aikin ban taɓa shan sa da zafi ba. Ba mai kiran sunana a ofishin, har Manaja 'Yar Halo yake ce min. Wanda ya hana ni sukuni kuwa wakilin kamfanin ne, mai zagaya shaguna da gonaki a farar mota, ana ce masa Sarkin Hanya don kujerarsa ta ofis har ƙura take yi. Wata takwas ke nan yana nemana. Abbana ya sa ranar Asabar zai zauna da kawun Sarkin Hanya su yi magana, amma ya ce ranar Juma'a da yamma yana so ya ji daga bakina, eh ko a'a. Abba ba ya tilasta wa 'ya'yansa, amma kuma ba ya maimaita tambaya.

To me ya hana ni cewa eh tun tuni? Fitila biyu ne, wallahi, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar wake.

Layi huɗu kamfaninmu yake da su na waje, kowanne da 'yar fitilarsa a jikin wayata. In kira ya shigo, fitila ɗaya ta kama. In na tura shi sito ko ofishin Manaja, ita ɗayar nan za ta ci gaba da ci har su gama, ni na fita daga ciki. Amma in wanda ake nema ba ya cikin ginin, na tura kiran zuwa wayarsa ta hannu, sai fitila ta biyu ta kama, su biyun su tsaya ja wur a tare. Shekara biyu ina ganin haka ban taɓa tambayar dalili ba, ni dai nawa dannawa.

Sati uku da suka wuce wata ta fara kira. Sha ɗaya da rabi, kullum, kamar an saita ta. Muryar mace ce mai ƙuruciya, a nutse, ga ladabi har ya yi yawa.

"Sannu da aiki. Don Allah a haɗa ni da wakilinku, mai farar mota."

"In ce masa wa ke nema?"

"Ki dai haɗa ni, ya sani."

Wai ya sani. In tura, fitila biyu su kama, ni kuma in zauna in zuba musu ido. Rabin awa. Minti arba'in. Ranar Litinin sai da suka yi minti arba'in da bakwai, na duba agogon bango na duba na hannuna don kar a ce sharri nake. Ni da yake cewa zai aura, in ya kira ni minti biyar ba ta cika zai ce, "Ranki ya daɗe, na iso wurin kwastoma, zan sake kira." To me yake faɗa wa wata har na minti arba'in da bakwai? Ina amsa wa mutane "barka da rana" da fara'a a murya, ƙafata kuwa a ƙarƙashin tebur sai rawa take, in cire takalmi in mayar, in buɗe littafin saƙo in rufe. Kishi nake, ba zan ɓoye muku ba, kishi irin mai sa ɗacin baki.

Kar ku ce ban tambaye shi ba. Na tambaya, ranar Talata da yamma, a cikin mota yana mayar da ni gida.

"Wace ce mai kiranka sha ɗaya da rabi?"

Ko gezau bai yi ba, idonsa na kan titi. "Wata mai shago ce, injinta ke ba ta wahala. Kin san mata da naci."

"Ni ma ai mace ce."

"Ke ai shugabarsu ce." Ya yi dariya ya zaro wayarsa daga aljihun gaba ya ɗora min a cinya. "Ungo, bincika, har hotuna."

Na bincika kuwa, ba kunya. Ofis. Ofis. Kawu. Ni. Ofis. Ba baƙuwar lamba ko ɗaya. Na mayar masa ina jin kaina wata sakarai. Sai da na shiga gida ina wanke kofuna sannan abin ya faɗo min: duk kiran da na tura masa daga teburina, ai lambar ofis zai nuna a wayarsa, ba ta mai kiran ba. Wato in ma akwai wata, ni ce nake share mata sawu kullum da yatsana. Kofi ɗaya na yi ta cuɗawa har Umma ta leƙo ta ce ko fata nake so in cire masa.

Ranar Laraba na dawo na tarar da gidanmu kamar za mu tashi. An kwance labulen falo, an jawo kujeru tsakiya, kafet na shanye a kan katanga. Umma na tsaye a gaban teburin guga da ɗankwali ɗaure a ƙugu. Yayata ta zo daga gidanta da jaririnta, ta baje a doguwar kujera tana cin gyaɗa tana ba da umarni.

"Ga amarya nan," in ji Yaya. "Umma dubi fuskarta, sai ka ce wadda aka kora daga aiki."

"Gajiya ce," na ce.

Umma ta ɗago labule biyu, ɗaya ruwan zuma ɗaya ruwan toka. "Wanne za a sa? Ki zaɓa, baƙinki ne. Na riga na faɗa wa Gwaggonki ma."

"Umma, Gwaggo kuma? Ai in ta ji kowa ya ji. Ni fa ban ce eh ba."

Ta ajiye dutsen gugar a tsaye ta ƙare min kallo. "Ba ki ce a'a ba ai. Wata takwas yaron nan yana sauke ki a ƙofar gidan nan, maƙwabta har sun haddace lambar motarsa. Yana gaishe ni a durƙushe, yana da aikinsa, ba ya shan komai. Me ya yi miki? Faɗa min, in abin faɗa ne ni zan tare miki wurin Abbanki."

In ce mata me? Umma, fitila ce take kamawa?

Yaya ta biyo ni ɗaki ta turo ƙofa da ƙafa. Ina cire mayafi tana jero min tambaya.

"Kin gan shi da wata?"

"A'a."

"Kin ga saƙo a wayarsa?"

"A'a."

"Wani ya kawo miki magana?"

"A'a."

"To don Allah me kika gani?"

"Fitila."

Ta gyara wa jaririnta hula. "Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata. Ni lokacin nawa baban yaron nan ko keke ba shi da shi, ban tsaya duba fitila ba."

Tana fita saƙon Sarkin Hanya ya shigo: "Kawu ya kai babbar rigarsa wurin mai guga. Kar ki sa tsoho ya yi kwalliyar banza." Na rubuta "sai ka faɗa min wace ce," na goge. Na rubuta "Allah ya kai mu," na goge. Ƙarshe na tura masa hoton babban yatsa, na jefa wayar ƙarƙashin filo, na fito na hau share tsakar gidan da aka riga aka share.

Ranar Alhamis tun kafin in ajiye jaka Manaja ya fito, hularsa a karkace, alamar ba lafiya.

"'Yar Halo, manoma uku suka kira ni a wayata ta hannu jiya, wai sun buga sun buga layinmu a cike. Ɗaya ya tafi ya sayi injinsa wani wuri. Layi huɗu gare mu. Mu nawa ne a ginin nan da za mu cinye layi huɗu?"

"Ranka ya daɗe, ni dai ina turawa ne kawai."

"Na kira mai gyara, ya zo ya duba min abin da kike turawa."

Wajen sha ɗaya mai gyaran ya iso. Dattijo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare, jakarsa ta fi shi nauyi. Baba mai waya muke ce masa. Ya buɗe ɗan ɗakin da ke bayan teburina, inda wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka yake manne a bango, wayoyi na fita daga cikinsa kamar gashin da ba a taje ba. Ya ɗan daddanna, ya fito ya jawo kujera kusa da ni.

"'Yata, in kin tura kira zuwa wayar hannu, kin ɗauka ya bar gidan nan ko?"

"Eh mana Baba, ai na ajiye."

"Ke kin ajiye, shi bai tafi ko'ina ba. Mai kira ya shigo ta layi ɗaya. Don a kai shi wurin wanda yake waje, dole akwatin can ya ɗauki layi na biyu ya buga, sannan ya haɗa su ya riƙe. Duk maganar da suke yi ta cikin ɗakin nan take bi. Kira ɗaya, layi biyu, har sai sun gama. In kika yi irinsa guda biyu a lokaci ɗaya, kin rufe kamfani ke nan, duk wanda ya bugo zai ji a cike."

Manaja na tsaye ya harɗe hannu. "To a toshe turawar gaba ɗaya."

"Ana iyawa. Amma wakilinka yana hanya, mai nemansa fa? Sai dai ta riƙa karɓar saƙo shi ya kira daga baya. Akwai na zamani, da an tura sai ya miƙa wa kamfanin waya kiran ya saki layukanku duka biyu. Amma wannan naku, ranka ya daɗe, ina jin ya girmi yarinyar nan."

Manaja ya yi tsaki ya koma ofis. Ni kuwa idona na kan agogo. Sha ɗaya da rabi na cika layi na biyu ya ɗauki ƙara kamar kullum. Ita ce. Na tura, layi na uku ya kama. Baba mai waya ya sunkuyo yana kallon fitilun ta saman tabarau.

"Wannan yakan daɗe?"

"Minti arba'in," na ce, da ƙarfin da ya sa ya waiwayo ya dube ni.

"Hm. Ba lallai magana suke ba fa. Tsofaffin akwatunan nan kurame ne. In na waje ya kashe, wani lokacin ba sa ji, sai su yi ta riƙe layi biyu, alhali mutane sun gama tun tuni."

Na juyo da kujerata gaba ɗaya. "Baba, ya ake ganewa?"

"Sauƙi gare shi. Kira wayar wanda kika tura wa. In ta shiga ya ɗauka, ai ba ya kan wancan."

Na zaro tawa daga jaka. Ko minti uku ba a yi da turawa ba. Ta shiga. Bugu biyu ya ɗauka, ina jin ƙugin mota da rediyo a bayansa.

"Ranki ya daɗe, lafiya da rana tsaka?"

"Kana kan waya ne?"

"Da wa? Tuƙi nake. Kewata kike yi ne?"

Na dubi teburina. Fitila biyu na nan ja wur, ga shi kuma a kunnena yana min iyayi. Jama'a, ban san sanda na fashe da dariya ba. Sati uku ina cin raina a kan tsohon akwati kurma. Na ce masa ya yi tuƙi a hankali, na kashe, na ji kamar an sauke min buhun siminti daga ka.

"Kin gani," in ji Baba mai waya. "Ba kowa a ciki, fitila ce kawai ke ci. Danna wannan na gefe ki sake su."

Na danna har da 'yar rangwaɗa, fitilun suka mutu tare. Ya koma ɗakin akwati ya yi 'yan saite-saitensa, ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Na buɗe miki wani madanni, ga shi nan mai ɗigon shuɗi. Daga gobe in kin ga sun daɗe, ki fara danna shi ki shiga layin ki saurara, kar ki je ki yanke wa kwastoma ciniki. In kin ji shiru sai ki katse. Litinin zan zo da abin da zai buɗe wa akwatin kunne, da ɗaya ya kashe duka su mutu."

Ran nan da yamma ni ce har da saya wa Sarkin Hanya lemo mai sanyi, na riƙe masa yana tuƙi. Ya dube ni ya dubi lemon.

"Yau kuma wace rana ce?"

"Sha kawai, kar in fasa."

"Af, na manta, Hajiyata tana gaishe ki. Ɗazu muka yi waya. Ta ce ta matsu ta ga wadda ta sa Autanta ya fara goge riga."

Mahaifiyarsa tana can garinsu da nisa, ya ce min ciwon gwiwa ya hana ta tafiya, shi ya sa har yau ba mu haɗu ba. Duk sati sai ya kawo min gaisuwarta, duk sati kuma sai na rufe fuska da mayafi na ce ina amsawa. Ran nan ma haka na yi, har da cewa ya ce mata ina mata addu'ar sauƙi.

Na shiga gida na tsaya a ƙofar kicin. Umma na yanka albasa.

"Umma, mai ruwan zumar nan ya fi dacewa da kujerun."

Ba ta juyo ba, amma na ga kafaɗarta ta sauka. "Allah ya yi miki albarka. Gobe ki faɗa wa Abbanki da bakinki, kin san shi ba ya karɓar saƙo."

Juma'a na tashi da wuri na sa doguwar rigata koriya mai aiki a wuya, wadda ya taɓa cewa ta yi min kyau, da mayafi ruwan madara da takalmi mai ɗan tudu da ke matse min ƙaramin yatsa. Na fesa turaren Yaya da ta manta a ɗakina. A mota ina ta bitar yadda zan faɗa wa Abba: in durƙusa, in sunkuyar da kai, in ce "na amince Abba," ko in ce "duk yadda ka yi daidai ne"? Na biyun ya fi kunya, amma Abba zai ce ba abin da ya tambaya ke nan ba.

Sha ɗaya da rabi ta kira. Yau har gaisawa na yi da ita.

"Sannu 'yar'uwa, ya injin naki?"

"Na'am?"

"Ba komai, yanzu kuwa zan haɗa ki."

Na tura, fitila biyu suka kama, na jawo kofin shayina. Ba a jima ba saƙonsa ya shigo wayata, hoton gonar albasa da injinmu a gefe, ya rubuta: "Albasa ta sa ni hawaye, na tuna ranar da kika ce sai kin yi tunani." Na yi murmushi. Tunda yana ɗaukar hoto yana rubutu, ya sauka daga layi ke nan. Na kai yatsa zan katse, sai na tuna gargaɗin Baba mai waya. Na ɗauki kan wayar na sa a kunne, na danna mai ɗigon shuɗi don kawai in cika umarni.

Ba shiru na ji ba. Wata murya ce, ba ta mai kiran ba, muryar tsohuwa, tana ɗan rawa, tana magana a hankali kamar mai hira da wanda ke zaune kusa da ita.

"...shi ne na ce masa kar ya hau, kwanon ya tsufa, a bari sai an samu mai gyara. Na dai sa bokiti a wurin. Gwiwar kuma da sauƙi, maganin da aka canza min ya fi na da. Kana ji ko, Auta?"

Ta dakata. Ba abin da ya amsa sai ɗan shuuu na layi.

"To. Ba sai ka ce komai ba, na saba. Jiya ne dai hankalina ya tashi, muna cikin hira na ji ɗif, waya ta yanke. Na ce shi ke nan, yau ya gaji da ni. Maƙwabciyata mai ɗinki, wadda take buga min lambar, ta ce a'a Inna, sabis ne. Na ce haka ne kuwa. Autana ko yana fushi bai taɓa kashe min waya ba, sai dai ya yi shiru ya ji ni har in gama."

Na ajiye kofin a hankali.

"Lambarka ta hannu har yau in mun buga ba ta shiga. Na ce a bar ta, tunda Allah ya sa mun samu ta ofis a jikin takardar injin mijinta. Shekara guda da wata biyu ban ji muryarka ba sai wannan halo da kake yi da farko. Ita ma ta ishe ni, wallahi ta ishe ni. Maganar da na faɗa ran nan, na ce ka yafe min, bakin tsufa ne. In ba ka tashi yafewa ba, ba komai, ni dai ka riƙa ɗauka."

Masu karatu, kun gane abin da na gane? Ya toshe lambarsu. Sai suka biyo ta teburina, don in ya ga lambar ofis dole ya ɗauka. Ya ce halo, ya ji muryar uwarsa, ya kashe. Akwatinmu kurma bai ji ba, bai gaya mata ba, ya ci gaba da riƙe mata layi biyu, ita kuma ta zauna tana ba wa iska labarin bokiti da gwiwa na minti arba'in, tana jin daɗi ɗanta na saurare. Matar da duk sati ake kawo min gaisuwarta ke nan. Jiya kuma ni na katse ta, da yatsana, ina dariya. Litinin Baba mai waya zai gyara akwatin, daga ranar kullum za ta ji ƙarar kashewar da kunnenta.

Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani tsoro da ban taɓa ji game da shi ba. Da a ce da wata budurwa na kama shi, da na san yadda zan yi, in yi fushi in yi kuka ya ba ni haƙuri. Wannan ban san sunansa ba. Mutumin da zai iya jin wannan muryar kullum ya danna kashewa, ya ɗauki hoton albasa ya turo min da wasa, ran da ni na faɗi maganar da ba ta yi masa daɗi ba fa? Na san ban ji nasa ɓangaren ba, na san uwa ma takan yi kuskure mai ciwo. Amma gaisuwar ƙaryar nan fa, wa ya tilasta masa?

Wayata ta yi haske a gefe. Umma ce: "Abbanki ya ce zai dawo da wuri. Kar ki tsaya ko'ina."

Daidai nan layi na ɗaya ya ɗauki ƙara. Shekara biyu na aikin nan sun mayar da bakina inji, ban danna komai ba, kan wayar na kunnena, na ji kaina ina cewa, "Barka da rana, kamfanin injinan ruwa, da wa nake magana?"

Baba mai waya bai gaya min in na shiga layi ana jina ba.

Tsohuwar ta katse hirarta. Layi na ɗaya ya yi ta ƙara har ya gaji ya mutu.

"Wace ce?" ta ce a hankali.

"Ni ce, Mama. Mai ɗaukar waya ta ofis."

"Auta fa? Yana nan? Yana jina?"

Na dubi hoton albasar da ke buɗe a wayata. "Yanzun nan ya shiga inda babu sabis, Mama."

"Allah sarki, hanya. Allah ya tsare min shi." Na ji ta gyara zama, wani abu kamar gadon ƙarfe ya yi ƙara. "Ke ce mai haɗa mu kullum ko? Allah ya yi miki albarka 'yar nan, ya ba ki masu yi miki. Ba ki san abin da kike min ba."

"Amin, Mama." Na danne bakina da gefen mayafi.

"Tunda tare kuke aiki, in ɗan tambaye ki mana, shi ba ya faɗa. Yana cin abinci kuwa? Bai rame ba?"

"Lafiyarsa ƙalau. Bai rame ba."

"Alhamdu lillahi. Yana ƙarami sai an bi shi da kwano." Ta yi 'yar dariya, ta yi tari, sannan ta rage murya kamar mai tsoron kar ya dawo ya ji. "To 'yar nan, kar ki ce na cika tambaya, ni ba wanda zai gaya min. Ya samu matar aure kuwa? Akwai wadda aka tsayar?"

Na dubi koriyar rigata, na zare ƙafata daga takalmin da ke matse ni. Ban san na yanke shawara ba sai da na ji ta a bakina.

"A'a Mama," na ce. "Bai samu ba tukuna."